Bai Ƙwanƙwasa Ƙofar Ba

Duk ranar Talata, ƙarfe biyu saura kwata, Auta da babanta suna gaban tagar mai sayar da tikiti a tsohon gidan silimar da ke bayan tashar mota. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna haka. Matar ba ta ma tambayarsu. Da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa a kan matakala sai ta yago guda biyu, layin ƙarshe, jikin bango.

"Mai Agogo, yau ma an zo duba mana aiki?"

"An zo. In fim ɗin ba kyau, ke zan kama."

Gyaran agogo ne sana'arsa a da, a wani ɗan shago da in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bangonsa duka. Ciwon suga ya ci masa idon dama, ya huta shekara guda, ya dawo ya ci na hagu. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa jaje, har rediyo uku aka kawo masa, don an riga an yanke cewa makaho rediyo yake so. Ya tura su ƙarƙashin gado. Shi abin da ya yi kewa silima ce, wadda tun yana saurayi bai taɓa yin mako biyu bai shiga ba. Wata Talata ya kira autarsa, tana 'yar shekara tara, ya ce ta ɗauko takalminta.

Aikin yana da ƙa'idoji, kuma shi ya kafa su. Tana zama a hagunsa, don kunnen nan ya fi ji. Ba ta magana in 'yan wasa suna magana. Sai sun yi shiru take cusa nata a tsakani. Ba a cin gugguru, ƙararsa tana toshe masa kunne. Hannunsa yana kan wuyan hannunta daga farko har ƙarshe: in ya matsa sau ɗaya, ina muke, in ya matsa sau biyu, me ke faruwa. Kuma ba a tashi sai rubutun ƙarshe ya gama hawa, kiɗa ya mutu, ko da mai shara ya tsaya musu a ka da tsintsiya.

Babbar ƙa'idar kuwa a fim ɗin farko ta koye ta. Ta raɗa masa, "Baba, matar tana baƙin ciki."

"Wa ya gaya miki? Takarda ta nuna miki?"

"Fuskarta."

"Fuskar an biya ta kuɗi. Me hannunta yake yi?"

"Tana murza zoben da ke yatsanta."

"To, haka za ki ce. Baƙin cikin ni zan zuba da kaina."

A haka ta girma, cikin duhu, bakinta a kunnen babanta. Ta tuna ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar faɗa, ya ɗaga murya ya gaya wa 'yan kallo goma sha biyu wanda zai mutu, kuma da wuta ta dawo shi ɗin ne ya mutu. Ta tuna tana shekara goma sha uku, jarumi ya ja budurwarsa bayan labule, Baba ya matsa sau biyu, ta ce, "Suna gaisawa." Bayan minti guda ya ce, "Gaisuwar nan ta yi tsawo. A gaida mutanen gida dai." Suka yi dariya har wani ya yi musu tsaki.

Fim ɗin Talata ba ya ƙarewa a Talata. Ranar Laraba da yamma Baba yakan zauna a shagon mai aski, kan bencin da ke kallon madubi, ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe. Akwai waɗanda ba sa aski sai Laraba. Akwai masu sanƙo da ke zuwa a gyara musu abin da babu. A unguwar an san cewa Mai Agogo ya fi masu ido ganin fim, shi ma ya san an sani, kuma wannan ne abin da ya rage masa a madadin shagonsa. Mutum ɗaya ne ke musa masa: wani tsohon direban bas, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya mallake kujerar da ke ƙarƙashin fanka, kuma in ka ce masa rana ta fito sai ya ce a bari ya leƙa.

Auta ta shiga jami'a, ta tarar da ƙungiyar masu son fim. Su goma sha wani abu ne, suna haɗuwa ranar Alhamis a wani aji mai fasassun tagogi. Shugabansu ɗan aji uku ne, amma Farfesa ake ce masa, kuma bai taɓa hanawa ba. Cikin wata biyu ta yi suna a cikinsu. In kowa ya gama maganar ma'ana da saƙo, sai ta ce, "Amma kun lura bai taɓa ɗaukar kofin da hannun dama ba sai bayan ubansa ya mutu?" Farfesa ya taɓa tambayarta inda ta koyi kallo haka. Ta ce haka Allah ya yi ta.

Ƙungiyar tana da abin da ta tsana fiye da mugun fim, wato masu surutu a silima. Farfesa yana da jawabi guda a kan haka, yakan yi shi duk mako, har da cewa da shi ne hukuma da an ware musu tasu ƙofar. Auta takan yi dariya tare da kowa. Hankalinta kwance yake, don 'yan ƙungiya sabon gidan kallo na cikin kanti suke zuwa, mai sanyi da kujeru masu kwanciya. Ba wanda zai zo bayan tasha ƙarfe biyu na rana.

Sai ranar da aka soke musu lacca.

An kashe fitila ke nan ta ga mutum biyar sun shigo suna haska waya. Tun kafin su zauna ta gane dariyar Farfesa. Layi biyu ne tsakaninsu da ita. Ta zame a kujera har gwiwarta ta taɓa ta gaba.

Fim ɗin labarin wani mutum ne da ya bar gida yana saurayi, bayan ya sayar da gonar uwarsa ba da saninta ba, ya tafi aikin jirgin ruwa, ya yi shekara ashirin bai waiwayo ba. Auta ta fara aikinta, amma da wata 'yar murya kamar ta sauro.

"Ɗaga murya mana," in ji Baba. "Yau ba a ba ki abinci ba ne?"

Ta ɗan ɗaga. Ba a yi minti goma ba Farfesa ya juyo. Duhu ne, bai ga kowa ba.

"Don Allah, bayin Allah, nan ba kasuwa ba ce."

Baba ya karkato. "Wannan shi ya gina silimar?"

Ba ta yi dariya ba. Daga nan ta koma jefa kalma ɗaya-ɗaya, in kiɗa ya yi ƙarfi: jirgi, ɗaki, dare, wasiƙa. Baba yana haɗa sauran da kunnensa. Da haka suka lallaɓa har ƙarshe, inda mai fim ɗin ya ga dama ya yi minti bakwai ba magana, ba kiɗa. Iska kawai, da takun ƙafa a kan tsakuwa. Ko numfashi ka ja da ƙarfi sai layin gaba ya ji.

Baba ya matsa sau ɗaya. Ta yi shiru. Ya matsa sau biyu. Ya sake, har ta ji farcensa. Idonta yana kan allo, tana ganin komai, hawaye yana zuba, kuma bakinta a rufe kamar an ɗinke. Can sai ya sassauta. Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a kan gwiwarsa. Tun tana shekara tara bai taɓa yin haka ba.

Rubutun ƙarshe ya fara hawa, ta miƙe ta ja shi.

"Kiɗan bai ƙare ba."

"Cikina ke ciwo, Baba."

Ta fitar da shi ta ƙofar gefe, wadda ke ɓullewa lungun masu faci, kafin a kunna fitila. Tana sauri tana waiwaye, sandarsa tana karo da tsofaffin tayoyi.

"To, me ya faru? Na ji tafiya, na ji an buɗe ƙofa."

Ainihin abin da ya faru yana bukatar tsayuwa, da natsuwa, da kamar minti biyar. 'Yan ƙungiya kuwa suna iya ɓullowa ta kwana kowane lokaci.

"Ya shiga," ta ce. "Uwar ta rungume shi. Sun yi murna."

"Hannunta fa?"

"Ban lura ba."

Ya ɗan tsaya. "Me ya hana ki magana?"

"Kuka ne ya shaƙe ni."

"Allah sarki," in ji shi, ya dafa kafaɗarta. "Ai da daɗi. Gara da ya shiga."

Washegari da yamma ta biya shagon mai aski don ta raka shi gida. Tun daga waje ta ji muryarsa. An kashe injin aski, wani yana zaune da rabin kai a aske, bai damu ba. Baba ya kai ƙarshen labari, kuma abin da ba ta ba shi ba ya zuba da kansa. A bakinsa tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta tsaya, ta miƙa hannu ta kama kunnen ƙaton mutumin nan kamar yana ɗan shekara shida, ta jawo shi ciki. Mai aski yana share ido da tawul ɗin kwastoma.

"Ƙarya ne," in ji Direba daga ƙarƙashin fanka. "Bai shiga ba."

"Kai kuma daga ina?"

"Surukina ya kai ni ranar Lahadi. Da idona na gani. Ko ƙwanƙwasawa bai yi ba."

"Da idonka? Kai da ka yi shekara talatin kana wuce fasinja a tasha kana cewa ba ka gan su ba?"

Shago ya kwashe da dariya. Direba ya cire hula ya ɗora a gwiwa, alamar ya zauna da gaske. "Ka yi ta zagi. Bai shiga ba."

"Barci ka yi. Na san ka, ana kashe fitila kake tafiya. Na ji ƙarar ƙofar da kunnena." Baba ya juya kai wajen bakin shago. "Ga ma mai idon nan, na ji takunta. Auta, ya shiga ko bai shiga ba?"

Mutum tara suka juyo, har da na cikin madubi. Ta gyaɗa kai.

"Kai take gyaɗawa," in ji Direba. "Ba ta faɗa ba."

"Faɗa masa da baki, 'yar Baba."

"Ya shiga," in ji Auta.

"Ka ji. Shekara goma sha ɗaya yarinyar nan ba ta taɓa ba ni ja a matsayin baƙi ba." Ya buga sanda a ƙasa. "Talata mu uku za mu je. In ya shiga, ka tashi daga ƙarƙashin fankar nan har abada."

"In bai shiga ba fa?"

"Ba na ƙara ba da labarin fim a shagon nan."

"Haba, Mai Agogo," in ji mai aski, "abin bai kai nan ba."

"Ya kai. Ku shaida."

Kwana shida ne tsakani, kuma mutane za su ce ai lokaci ne mai yawa, ta same shi a ɗaki ta gaya masa, shi ke nan. Masu faɗin haka yawanci laifin da suka taɓa amsawa bai wuce fasa kofi ba. Ranar Alhamis ta je ƙungiya, aka yi ta yabon minti bakwai ɗin nan, Farfesa ya ce da ba don wasu jahilai biyu a layin baya ba da ya ce bai taɓa jin daɗin kallo haka ba. Ya tambaye ta ko ta gani. Ta ce tukuna. Wata ƙaryar ke nan, kuma ta lura wannan ba ta ma yi mata nauyi ba.

Ranar Asabar mamanta tana guga a tsakar gida, ta dube ta ta ce, "Me kika fasa?"

"Ba komai."

"Kwana uku kina wanke kwanon da ba ke kika ci a ciki ba. Me kika fasa?"

Auta ta gaya mata, a tsaye, tana kallon igiyar shanya. Mama ba ta taɓa bin su silima ba, ta ce duhu da ƙara suna sa mata ciwon kai. Ta juya rigar Baba ta goge ɗaya hannun kafin ta yi magana.

"Mutumin nan duk Talata sai ya goge takalmi. Takalmin da ba ya gani."

"Mama, ki gaya masa mana."

"Da ni aka je?" Ta tsayar da dutsen guga. "Ba ni kika yi wa ba, ba ni za ki gaya wa ba. Miƙo min wandon can."

Ranar Litinin ta biya ta tagar mai tikiti, ta tambaya ko za a canja fim wannan makon. Matar ta ce sai ƙarshen wata, mutane suna so. Da ta dawo ta tarar da Baba a baranda yana gwada abin da zai ce wa Direba, har da yadda zai zauna ƙarƙashin fanka ya miƙe ƙafa. Ta zauna kusa da shi. Ta buɗe baki.

"Baba."

"Na'am."

"In kawo maka shayi?"

Direba ya zo ranar Talata cikin kayan da yake zuwa ɗaurin aure da su, ya sayi gugguru babban kwali. Baba ya ji ƙamshin ya ƙwace ya ba mai tikiti ajiya. Suka zauna: Auta a hagu, Baba a tsakiya, Direba a dama. Mutanen da ke zauren ba su fi takwas ba, kuma ba ko ɗaya da ta sani.

Wannan karon ta ba shi komai. Igiyar jirgi da ta yanke tafin hannun mutumin, wasiƙar da ya rubuta ya ninke huɗu ya sa a takalmi, yadda yake juya wa teku baya in zai ci abinci. Baba yana ta cewa, "Af, wancan makon ba ki faɗi wannan ba." Direba bai yi barci ba. Yana zaune a miƙe kamar mai jiran a kira shi shaida.

Kiɗa ya ɗauke. Iska ta fara. Baba ya matsa sau ɗaya, da sauƙi, irin na wanda ya riga ya san hanya.

"Bakin gidan uwarsa," in ji Auta. Muryarta ta fita fiye da yadda ta nufa, wani a gaba ya waiwayo, ba ta rage ba. "Yana tsaye. Jaka a hannun hagu. Ya ɗaga na dama, ya dunƙule. Saura kaɗan ya taɓa katakon."

Baba ya zunguri Direba da gwiwar hannu.

"Ya tsaya haka. Akwai taga a gefe. Yana kallon ciki. Tsohuwar tana zaune, ta ba shi baya, tana zare zare daga wata tsohuwar riga. Yatsunta suna rawa, sai ta yi sau uku kafin ta kama zaren." Ta ci gaba. "Hannunsa ya buɗe. Ya shimfiɗa tafin a jikin ƙofar, bai yi ƙara ba. Ya sauke. Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya juya."

Takun ƙafa a kan tsakuwa, yana nisa.

"Yana tafiya, Baba. Hannayensa duka a aljihu. Ya sha kwana."

Hannun da ke kan wuyan hannunta bai matsa ba, bai kuma janye ba. Ya yi nauyi kawai.

Ƙofa ta yi ƙara.

"Ita ce ta buɗe. Ba kowa. Ta ga jakar. Ba ta ɗauka ba. Ta dafa ƙofar, daidai inda ya sa hannunsa, amma ba ta sani ba. Tana kallon hanya. Shi ke nan."

Rubutu ya fara hawa. Ba wanda ya motsa. Suka zauna har kiɗan ya mutu, aka kunna fitila, mai shara ya zo ya ga fuskokinsu ya wuce wani layin.

Direba ne ya fara magana, kuma duk wanda ya san shi ba zai yarda shi ba ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ka san fa 'yan fim ɗin nan. Sukan yi ƙarshe iri biyu. Surukina ya gaya min. Wataƙila wancan makon ɗayan suka sa muku."

Ƙofar tsira ce Direba ya buɗe wa Auta, a fili, har ya riƙe mata ita. Baba ya juyo da kunnen hagu wajenta yana jira.

"Ba su canja ba, Kawu," in ji Auta. "Wannan ne muka gani."

"To ai kuka ne ya..."

"Ba kuka ba ne." Ta dubi takalmin Baba, yana ƙyalli. "Wanda ya ce mana nan ba kasuwa ba ce, na san shi. 'Yan makarantarmu ne. Ban so su ji muryata ba. Ban so su gan mu ba. Shi ya sa na fitar da kai ta lungu."

Direba ya miƙe ya ce bari ya je ya karɓo guggurunsa.

Baba ya daɗe yana juya kan sandarsa a tafin hannu.

"Takun ya yi nisa kafin ƙofar ta buɗe," ya ce. "Tun wancan makon na ji. Na ce a raina, mutum ba ya tafiya sannan ya shiga. Sai na ce kunnen ne ya fara tsufa." Ya ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba. "Na ƙaryata kunnena, Auta. Shi kaɗai ya rage min."

Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Surutun kika ji wa kunya, ko ni?"

Ta so ta ce surutun. Da ta faɗa da ya karɓa, ta san haka.

"Ban sani ba, Baba. Ina jin duka."

Ya gyaɗa kai, kamar yadda yakan yi da can in ya buɗe bayan agogo ya ga abin da ya karye. Ya miƙe. Ta kai hannu za ta kama shi, ya bar ta ta kama. Suka fita ta babbar ƙofa.

Ranar Laraba ya je shagon mai aski a kan lokaci. Masu sanƙo sun hallara. Ya zauna a bencinsa ya ce, "Bai shiga ba. Direba ya fi ni gaskiya." Aka jira ƙari, babu. Mai aski ya roƙe shi, Direba ya rantse shi wasa yake yi, har ya tashi daga ƙarƙashin fanka ya koma bakin ƙofa cikin zafi. Baba ya ce magana ya yi a gaban mutane, kuma ba yaro ba ne shi. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi, don duk suna nan ranar da aka ce ta faɗa da baki. Da Auta ta zo ɗaukarsa aka gaishe ta da ladabi fiye da kullum. Kujerar fanka tana nan ba kowa a kai. Bayan mako uku masu sanƙo suka daina zuwa.

Ta gaya wa Farfesa ma, a ƙarshen wani taro, don ta gaji da jin labarin jahilai biyu na layin baya. Ta shirya wa raini. Sai ya zaro ido ya dafe kai.

"Ke ce? Babanki makaho ne, kina fassara masa fim? Shekara goma sha ɗaya? Kai! Ai wannan shi kansa fim ne! Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba? Zai yarda mu ɗauke ku?"

Ta tsaya tana kallonsa. Wato da ta yi magana ranar nan, abin da zai biyo baya ke nan: tafi da yabo. Ta ɗauki jakarta ta fita, kuma ba ta koma ranar Alhamis ba.

Talatar da ta biyo bayan Larabar da Baba ya amsa cewa bai shiga ba, bai goge takalmi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta biyu ma haka. A ta uku, tana wanke-wanke, ta ji ƙarar buroshi daga baranda. Ta tsame hannu ta je ta sa takalminta, ta tsaya a bakin ƙofa.

Mai tikiti ta ji sanda a kan matakala, ta yago biyu.

"Uku," in ji Baba.

Direba yana bayansu, yana haki, da hula a hannu. Tun daga ranar kuwa uku ne. Yakan zauna a dama, kuma Baba ya yi gaskiya, ana kashe fitila Direba yake barci, wani lokacin har da minshari. Ba ya ganin komai, ba a kuma tambayarsa komai. Amma yana nan.

Aka kashe fitila. Auta ta ɗora hannunta a kan hannun kujera, ta juya wuyan hannun sama, ta jira. Tallace-tallace suka wuce. Fim ya fara da wata mata a kicin, ba magana. Sai da aka yi kusan minti guda sannan ta ji yatsunsa, ba a inda suka saba ba, can gefe, da ƙyar suke taɓa ta. Ya matsa sau biyu.

"Tana yanka albasa," in ji Auta. "Wuƙar a hannun hagu."

Baba ya karkata kai wajen allo ya saurara. Sai da ya ji wuƙar ta sauka a kan katako, sau ɗaya, sau biyu, sannan ya ce, "Ci gaba."